Jeren Fifiko Tsakanin Halittu: Daga Karar Dabbobi Zuwa Fagen Pokémon

Jera halittu daga babba zuwa ƙarami tsohuwar ɗabi'ar ɗan Adam ce, kuma ba sai an shiga makaranta ake koyon ta ba. A Dungu, cikin yankin Matameye na jihar Damagaram, inda noma da kiwo suke tafiya tare, duk magidancin da ya taɓa ɗaure rago a turke yana ɗauke da irin wannan jeri a kansa. Idan babbar salla ta ƙarato aka shiga kara, a Matameye ne ko a Mai'aduwa ta tsallaken iyaka, dillali ba ya inda-inda wajen faɗin wanda ya fi. Balami ne a gaba saboda tsawo da ƙira, uda mai launi biyu yana biye da shi, sannan ƙananan tumakin gida. Ana buɗe baki a ga haƙora, ana duba ƙaho, ana matsa gadon baya a ji kitse, kuɗin da aka sallama a kai kuma shi ne hukunci. Abin tambaya shi ne inda fifikon yake zaune: a jikin dabbar yake, ko a cikin buƙatar mai jerawa? Tambaya ce ta falsafa, addini kuma yana da doguwar magana a kanta.

Amsa ta farko tana cikin littafin da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, wato Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. A babin layya an jera dabbobin da ake yankawa. Ragon da ba a dandaƙe ba shi ne kan gaba, sai dandaƙaƙƙe, sai tunkiya, sai bunsuru, sai akuya, raƙuma da shanu kuwa su ne a ƙarshe. A wannan ma'auni ke nan akuya ta fi raƙumi, maganar da babu dillalin da zai saurare ta a kara. Amma a wuri guda, da aka zo kan hadayar da alhazai suke yankawa, sai jerin ya juye: raƙumi ya koma gaba, shanu suka bi shi, sannan tumaki, sannan awaki. Dabbobin ba su canja ba, marubucin ma bai canja ba. Masu sharhi sun bayyana dalili. Abin nema a layya shi ne daɗin nama da koyi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya yi layya da raguna biyu. Abin nema a hadaya kuwa yawan nama ne, don ya wadaci matalauta. Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa ma raƙumin suka gabatar har a layya, domin sun rinjayar da yawan nama da tsada.

Sauran babukan fiƙihu kowane da nasa jerin. A rabon ganima, Malikawa suna ba doki kaso biyu bayan kaso ɗaya na mahayinsa, raƙumi kuwa ba shi da kaso. A zakka, raƙuma 5 sun kai nisabi, shanu sai sun kai 30, tumaki da awaki kuma sai 40, haɗa su ake yi a ƙirga tare kamar babu bambancin da aka yi ta jaddadawa a babin layya. Tatsuniya ita ma ta san wannan. Ta naɗa zaki sarauta, ta ba giwa girma, ta kira dila malamin daji, amma Gizo marar ƙarfi ne yake ɗaura wa giwa da dorina igiya ɗaya, su wuni suna ja, kowace tana zaton da shi take yi.

A wannan zamani babu inda aka tsananta wannan aiki na jerawa kamar wasan bidiyon nan na Pokémon. Kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ne ya ƙirƙiro shi bisa tunanin Satoshi Tajiri, Nintendo kuma ya fitar da shi a 1996 da halittun ƙage guda 151. Yau sun haura 1,000. Ɗan wasa yana haɗa tawagar halittu shida, kowace da dabarun faɗa huɗu, ya kara da tawagar wani. Kowace halitta an rubuta mata lambobi shida: yawan rai, ƙarfin duka iri biyu, ƙarfin kariya iri biyu, da sauri. Ban da wannan akwai jinsi 18, irin su wuta, ruwa, ciyawa, dutse, ƙarfe da ƙanƙara, kowane yana da wanda yake rinjaya da wanda yake rinjayar sa. Amfanin wannan wasa ga mai nazari shi ne komai a fili yake. Rago na iya ɓoye ciwo, ɗan kokawa na iya kwana da zazzaɓi, amma halittar da ke cikin kwamfuta ba ta da wani sirri bayan lambobinta. Da a ce fifiko abu ne da ake karantawa kai tsaye daga jikin halitta, da a nan ya fi sauƙin karantuwa.

Sai ga shi ba haka ba ne. Taron ƴan wasa mafi shahara wajen jera waɗannan halittu shi ne Smogon, wanda aka kafa a 2004, kuma bai gina azuzuwansa a kan lambobin ƙarfi ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne yawan amfani. Ana tattara lissafin faɗace-faɗacen da aka yi ta intanet a dandalin Pokémon Showdown, ana ba zaɓin gwanaye nauyi fiye da na ƴan koyo, sannan a ja layi. Halittar da ta bayyana a cikin aƙalla kashi 4.52 cikin ɗari na tawagogi tana zama a babban aji mai suna OU. Waɗanda ba su kai ba sai su sauka UU, a sake ƙirgawa a can, a sami RU, sannan NU, sannan PU. A saman duka akwai Ubers, inda ake kai waɗanda ƙarfinsu ya ɓata wasa, wani lokaci bayan ƙuri'ar ƴan wasan da suka nuna gwaninta. A 2014 aka sami wata mai suna Mega Rayquaza wadda ko Ubers ɗin ya kasa ɗauka, dole aka buɗe mata wani fage inda babu haramci. Cikin kowane aji kuma akwai wani jerin na dabam, daga S zuwa A, B da C, wanda wasu zaɓaɓɓun gwanaye suke tsarawa da ra'ayinsu, suna gyara shi a kai a kai. Jerin ke nan tarihin zaɓin mutane ne, kuma yana ciyar da kansa: abin da aka ce shi ne a sama shi jama'a suke ɗauka, ɗaukar da suke yi kuma ita take tabbatar da shi a saman.

Dalilan da suka hana lambobi yanke hukunci su kaɗai sun cancanci a tsaya a kansu. Akwai halitta mai suna Slaking wadda jimillar lambobinta 670 ne, daidai da na Kyogre da Groudon, manyan mazauna Ubers. Amma an halicce ta da lalaci, in ta kai hari sau ɗaya sai ta huta a zagaye na gaba, don haka can ƙasa take ƙarewa. Akwai kuma zagayen rinjaye: wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana cin ruwa, ruwa yana cin wuta. Abu uku masu wannan hali ba sa jeruwa a layi ɗaya, domin duk wanda aka sa a gaba akwai na bayansa da zai kayar da shi. Gaba da gabanta, in ji Hausawa, aljani ya taka wuta. Sannan akwai zamani. A wasan farko, bijimin nan Tauros kusan babu tawagar kirki da ba ta ɗauke da shi. Da aka gyara dokokin faɗa aka ƙaro sababbin halittu, sai ya gangara ƙananan azuzuwa, alhali ƙahonsa bai ragu ba. Na ƙarshe shi ne abokin tafiya. A gasar duniya ta 2014 a birnin Washinton, inda ake faɗa biyu da biyu, Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci kofi da tawagar da ke ɗauke da Pachirisu, ƴar halitta mai kama da kurege wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Aikinta shi ne jawo harin abokan gaba kanta, ta shanye, abokin faɗanta ya sami sararin duka. Ita kaɗai ba za ta ci kowa ba, amma a wannan gurbi ba a sami wadda ta fi ta ba.

Wannan ba ya nufin jeri ƙarya ne, ko kuma kowa daidai yake da kowa. Mai wannan magana ya yi sauri. A cikin fagensa jeri gaskiya ne, kuma ba ya jin roƙo. Dabba mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiya, ko ramammiyar da ba kitse a jikinta, ba ta isar wa mutum layya komai son da mai ita yake yi mata. A gasar takobi ta kokawar gargajiyar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, jihohi 8 suna kawo ƴan kokawa goma-goma, wanda ya faɗi sau ɗaya kuma ya fita daga neman takobi ke nan. Wanda ya ɗaga takobin nan har sau 6, kamar Issaka Issaka na Doso, ba sa'a kaɗai ta kai shi ba. Sai dai ita wannan gasa ba ta raba ƴan kokawa bisa nauyi, gasar ƙasashen CEDEAO kuwa tana rabawa. Ƙaramin ɗan kokawan da ba zai taɓa ganin takobi ba yana iya zama zakaran ajinsa a can, a lokacin da Nijar take cikin ƙungiyar. Abin da Smogon ya yi ke nan da ya buɗe ƙananan azuzuwa: bai ƙara wa raunana ƙarfi ba, fage ya gina musu. Mai gina fage yana da hannu a cikin wanda zai yi fice, kuma wannan nauyi ne da masu shirya jarrabawa da masu ɗaukar ma'aikata ba su cika tunawa suna ɗauke da shi ba.

Ta fuskar addini, Alƙur'ani bai musanta fifiko ba. Suratul An'am da Suratuz Zukhruf sun ambaci ɗaukaka wasu a kan wasu da darajoji, ta farko ta danganta hakan da jarrabawa, ta biyu da buƙatar da mutane suke da ita ga aikin juna. Suratul Baƙara ta tabbatar da fifiko har tsakanin manzanni, Suratul Isra'i kuma ta ambaci karrama ƴan Adam a kan da yawa daga cikin halittu. Amma jeri na farko da wata halitta ta tsara da kanta, kamar yadda Alƙur'ani ya ba da labari, shi ne na Iblis, kuma da shi ya halaka. An umurce shi da sujada ga Annabi Adamu, sai ya kawo hujja daga asali: shi daga wuta, Adamu daga yumɓu, wuta kuwa a ganinsa ta fi. An ruwaito daga magabata irin su Hasanul Basari da Ibn Sirin cewa shi ne farkon wanda ya yi ƙiyasi, suna nufin ƙiyasin da ake yi don ture umurni. Malaman tafsiri sun nuna cewa ko a ma'aunin nasa bai ci ba, domin ƙasa tana da natsuwa, tana karɓar iri ta mayar da shi ninki, tana kuma kashe wuta, ita wuta kuwa cinye abin da aka ba ta take yi. Sai dai kuskurensa ya wuce kuskuren lissafi. Ya ɗauko ma'aunin ƙuna da haske, wanda a cikinsa wuta ta yi gaba da gaske, ya kai shi wurin da ake auna biyayya.

Malamin Malikiyya na Masar, Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya tsara wannan batu da kyau a littafinsa Alfuruƙ. Ya lissafa dalilai 20 da abu yake fin wani abu da su, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna ma'auni ba ɗaya ba ne. Ya kuma raba tsakanin fifiko na gaba ɗaya da keɓantacciyar baiwa. Misalin da ya kawo shi ne kiran salla: hadisi ya nuna Shaiɗan yana gudu idan ya ji shi, amma yana dawowa ya yi wa mai salla waswasi, duk da haka salla ta fi kiran salla. Abin da aka fi yana iya riƙe wata baiwa da wanda ya fi shi ba shi da ita. Da wannan ƙa'ida ake fahimtar Pachirisu, da ita kuma ake fahimtar akuyar layya.

Batun zamani ma yana da asali a sunna. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, har wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan matashin raƙumi ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, sai Annabi ya sanar da su cewa Allah ba ya ɗaukaka wani abu na duniya face ya saukar da shi. Taguwar ba ta rasa matsayinta a wajen mai ita ba don an tsere mata.

Marubutan Musulmi na da sun mayar da wannan gardama adabi. Jahiz na Basra, a Kitabul Hayawan, ya cika shafuka masu yawa da muhawara tsakanin mai goyon bayan kare da mai goyon bayan zakara. A ƙarni na 4 na Hijira kuma, Ikhwanus Safa sun rubuta wasiƙar da dabbobi suka kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljannu. Duk abin da mutum ya yi taƙama da shi, tsayuwar ƙira ne, kaifin gani ne, ko sana'a, sai wata dabba ta nuna ta fi shi ko ta yi daidai da shi. Bai tsira ba sai da ya koma ga annabawa da bayin Allah na gari da makomar lahira, abubuwan da ba a gwada su da ƙarfi. Alƙur'ani da kansa ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu irin na mutane, ya buga misali da sauro da ƙuda, ya kuma ba da labarin rundunar giwa da tsuntsaye suka hallaka. A hadisai ingantattu an gafarta wa wata mace saboda kare da ta shayar, an azabtar da wata saboda kyanwa da ta kulle. Kare da kyanwa ba sa cikin jerin layya ko na zakka, amma haƙƙinsu bai jira jeri ba.

Daga nan hukuncin haɗa dabbobi faɗa yake fitowa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ibn Abbas hani ga zuga dabbobi su yi faɗa da juna. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma malaman fiƙihu sun yi aiki da ma'anarsa, domin cutar da dabba ba tare da buƙata ba haramun ne ta wasu hujjojin. Karon raguna da yara suke haɗawa kafin salla, da faɗan zakaru, sun shiga ciki, balle in an sa kuɗi. Halittar cikin waya ba ta jin zafi, don haka wannan illa ba ta same ta ba. Abin da ya rage shi ne hukuncin wasa, wanda tun da ake saɓani a kansa: Risala ta hana nardu da shaɗaranji, Shafi'awa kuwa sun tsaya a kan karhancin shaɗaranji muddin babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. A 2001 kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta Pokémon, ya kafa hujja da cacar da ake yi da katunansa, da alamomin da ke jikinsu, da kuma koyar da ra'ayin Darwin na rikiɗar halittu. Akwai kuma Arceus, wadda labarin wasan ya ce ita ta samar da duniyarsu. Abin lura a nan shi ne ana kama ta, ana horar da ita, tana da lambobi shida kamar kowa, kuma tana da gurbi a Ubers kusa da tsararrakinta. Duk abin da ya shiga jeri yana da abokan jinsi da ake gwada shi da su. Tauhidi kuwa ya ginu ne a kan cewa Mahalicci ba shi da tamka, don haka ba Shi ne na ɗaya a jerin halittu ba, ba Ya cikin jerin ma sam.

Inda batun ya fi nauyi shi ne lokacin da aka juyo da jeri kan mutane. Al'ummar Hausa ta gaji nata: masu sarauta, malamai da attajirai a sama, manoma a tsakiya, wasu masu sana'ar gado irin su mahauta da maroƙa a ƙasa, ga kuma tabon bauta da har yanzu ake tono wa wasu zuriyoyi. A fagen aiki rarrabewa tana da ma'ana. Ba a kiran maƙeri ya yi fiɗa, ba a kiran mahauci ya ƙera garma, kuma gari irin Dungu ba zai ga damina da kyau ba in babu ɗayansu. Ɓarnar tana farawa ne idan aka ɗauki jerin sana'a ko na asali aka mayar da shi ma'aunin mutunci. Suratul Hujurat ta sa taƙawa ita ce ma'aunin girma a wurin Allah, hadisi kuma ya nuna mazauninta zuciya ce. Sakamakon wannan shi ne jerin ƙarshe ba ya hannun kowa, domin abin da ake auna shi da shi ba ya ganuwa. Ana iya ƙirga yawan amfani da Pokémon, ana iya matsa bayan rago, amma babu dillalin taƙawa.

Wurin da ake gane ko mutum ya yarda da wannan shi ne ranar da aka zo neman auren ƴarsa. Gidaje da yawa, har da na masu karatu, suna mayar da manemi saboda kakansa mahauci ne ko maroƙi, ko don an ce asalinsu bayi ne. Wasu mazhabobi sun sa nasaba da sana'a cikin sharuɗɗan dacewar ma'aurata, amma mazhabar Imamu Malik, wadda ita ake bi a Damagaram da Daura da Kano, ba ta tafi a kan haka ba. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake koyarwa a zaurukan da ake koyar da Risala, ya tsayar da dacewar a kan addini da kuɓuta daga aibobin da suke ba da damar raba aure, ya kuma bayyana cewa ƴantaccen bawa, da wanda ba sharifi ba, da wanda bai kai matar matsayi ba, duk sun dace da ita. Uban da ya hana ƴarsa saurayi mai addini da lafiya don sana'ar kakansa al'ada ya bi, littafin mazhabarsa bai ba shi wannan hujja ba.